Yaro da Gemun Auduga

A Kano, idan azumi ya kai kwana 10, yara kan fito tashe bayan shan ruwa. Wani ya manna gemun auduga, ya dogara sanda, ya ranƙwafa yana tafiyar tsofaffi. Kafin ya iya wannan tafiya, sai da ya zuba wa kakansa ido, ya lura da yadda gwiwa ke ciwo. Daga nan tausayi ke fara shiga zuciya.

Ina yawan tunanin yaran zangon Gambaga, Salaga, Yendi da Bawku, jikokin fataken goro, waɗanda suke tasowa da harshe biyu ko uku a baki. Yaron da kunya ke ɗaure wa harshe a aji, ba shi rawar alƙali ko ta mai talla a wasan kwaikwayo, ka ji murya ta fito. Zai koyi jiran lokacinsa, da sauraron abokin magana.

Malam Aminu Kano ya yi amfani da wasan kwaikwayo lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi. Don yin irin wannan wasa, tabarma da inuwar bishiya sun isa. Malamai, ku ba yara fili ko da sau ɗaya ne a mako.