Baƙunta Karo Na Uku: Daga Ojo Zuwa Seoul

'Yan uwa mazauna Ikko, na Ojo da Agege da Idi Araba da Mile 12. Da farko ina neman afuwa bisa shirun da kuka ji na yi. Ba lafiya ce ta ɓoye ni ba sai tafiya, domin yau wata uku ke nan da na sauka a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, inda na zo koyon harshen mutanen ƙasar. Na san da yawa za su ce, me ya haɗa ɗan Alaba Rago da Koriyanci? To ga yadda abin yake.

A Ojo aka haife ni, amma har na gama sakandare in an tambaye ni garinmu sai in ce Katsina, garin da ban taɓa yin wata biyu a jere a cikinsa ba. Wannan ita ce baƙunta ta farko, kuma kowannenku ya san ta. Ta biyu ita ce Kwatano, inda Baba ya tura ni wurin ƙaninsa a unguwar Zongo a 2017 don in koyi ciniki da Faransanci. Ina can aka rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019, kasuwa ta tsaya cik, na tattaro na dawo gida.

Sana'ar Baba kayan gyaran mota ne, kuma a shekarun nan ya fi karkata ga na Hyundai da Kia. Wata shekara suka haɗa kuɗi shi da abokansa biyu, suka ba wani dillali ya sayo musu sababbin kaya daga Koriya. Da aka buɗe kwantena sai ga tsofaffi, irin waɗanda muke kira tokunbo. Dillali ya rantse shi ma cutarsa aka yi, takardun kuwa rabinsu da rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu. Haka aka yi ta sulhu a gaban manya, aka bar wa Allah. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga wa'adin kwana 14 da aka ba mutanen Alaba Rago a watan Mayun 2022 cewa su tashi, abin da ya biyo baya kuwa kun fi ni sani. Daga nan Baba ya ce rumfa ba abin dogaro ba ce, abin da ke cikin kai shi ne ba a rushewa. Ya sayar da filinsa na gida ya biya mini makaranta. Saboda haka duk safiyar da sanyi ya so ya danne ni a kan katifa, filin nan nake tunawa.

Ta Addis Ababa muka biyo, muka sauka a filin jirgin Incheon a farkon hunturu. Mai karatu, in kana kiran abin da ake yi a Legas a watan Janairu sanyi, to ka nemi gafara. A nan ma'auni kan sauka ƙasa da sifiri har ya kai goma, kunne ya yi kamar ba naka ba. Abin da ya cece ni shi ne dabararsu ta ɗumama daɓen ɗaki daga ƙasa, wadda suke kira ondol. Ɗakin da na kama irin wanda ake kira goshiwon ne: gado, ɗan tebur, sai wurin da sallaya za ta shimfiɗu da ƙyar. Amfaninsa shi ne ba ya bukatar ajiyar maƙudan kuɗin da masu gidaje ke karɓa a nan kafin su ba ka makulli, kuma akwai dafaffiyar shinkafa da kimchi kyauta a kicin. Illarsa kuwa bangon kamar kwali yake. Ni da na saba da jiniyar danfo da janareto, sai ga maƙwabcina ya manna mini 'yar takarda a ƙofa wai ina ɗaga murya a waya. Da gaskiyarsa, domin Koriya na gaban Najeriya da awa takwas, lokacin da Baba ke samun sukuni bayan la'asar mu nan dare ya raba.

Makonnin farko duk a takardu suka tafi. Mai bizar koyon harshe, wato D-4, dole ya yi rajistar katin zama cikin kwana 90, kuma kafin katin ya fito buɗe asusun banki da samun layin waya na dindindin wahala ne. Ba a yarda ka yi ko ɗan aikin wucin gadi ba sai ka yi wata shida, shi ma sai da izini. Ga kuma rajistar aji da ake dubawa in za a sabunta maka biza. Wanda duk ya ce maka ka zo da sunan karatu ka faɗa aikin masana'anta, ramin mugunta yake gina maka.

Karatun awa huɗu ne kullum, tara zuwa ɗaya, Litinin zuwa Juma'a, mako goma a zango. Rubutunsu, Hangul, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro kafin in zo, sai ya zama shi ne mafi sauƙi. Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446, don talaka ya samu abin rubutu ba sai ya haddace dubban haruffan Sin ba. Baƙaƙe 14 ne da wasula 10, ana harhaɗa su gaɓa-gaɓa kamar ana jera bulo. Wanda ya yi allo ya yi boko ba zai wuce mako guda bai fara haɗa baƙi ba. Hoton sarkin ne ma a jikin takardar won 10,000.

Inda gizo ke saƙar shi ne magana. Su aikatau a ƙarshen jimla suke ajiye shi, sai ka jira mutum ya kai aya kafin ka san ya saya ne ko bai saya ba. Ƙidaya kuma iri biyu ce, tasu ta gado da wadda suka aro daga Sin: awa da ta farko ake faɗinta, minti da kuɗi da ta biyu. 'Yan ajinmu suka yi ta kuka da wannan, ni kuwa na tuna mu ma ashirin da talatin daga Larabawa muka karɓo. Kuɗi kuma da dubu goma-goma suke lissafa shi, suna ce wa kowace dubu goma man. Wanda ya yi ciniki da jaka a Ojo, ya yi da dala a kasuwar Dantokpa, wannan ba zai ruɗa shi ba. Haka batun girmamawa. Bakoriye kan tambayi shekarunka tun haɗuwar farko don ya san irin maganar da zai yi maka, kuma ba a miƙa wa babba abu da hannu ɗaya. Mu da muke ce wa dattijo "ku", muka kuma tashi cikin Yarbawa masu dobale, mun riga mun yi rabin karatun.

Kalmar da na fara haddacewa ba gaisuwa ba ce, dwaeji-gogi ce, wato naman alade, domin yana ɓuya har a cikin garin miyar taliyar leda. Nama sai na je Itaewon, inda babban masallacin Seoul yake a kan tudu. An buɗe shi a 1976, kuma shagunan halal sun kewaye shi. Matsalata ita ce Juma'a, don lokacin tashi daga aji da lokacin salla sun yi karo. Mako biyu na rasa jam'i, abin ya tsaya mini a rai. A na uku na rubuta roƙona da ɗan Koriyancin da na tara, na karanta wa malamarmu ina in'ina. Ta gyara mini kuskure biyu, sannan ta ce in riƙa fita da wuri amma za ta rubuta hakan a rajista. Na amince, na kuma ƙudura ba zan ƙara makara ko ta minti ɗaya ba a sauran ranakun.

A Itaewon ɗin ne wani mutum ya ji ina waya ya dafa ni ya ce, "Malam, daga ina?" Ashe Inyamuri ne haifaffen Sabon Garin Kano, ya taɓa riƙe shago a Alaba International, ba nisa da mu. A gida ƙila da sai dai mu yi ciniki mu rabu. A nan shi ya saya mini rigar sanyi ta kirki, shi ya kai ni Janganpyeong, kasuwar tsofaffin motoci da kayan gyaransu, ya nuna mini yadda ake ce wa mai shago sajangnim kafin a nemi ragi.

A kasuwar nan na yi ta ganin wata kalma a kan alluna: junggo. Na duba, ma'anarta gwanjo. Gabana ya faɗi. Da dare na ce wa ƙanena ya ɗauko hoton tsohuwar takardar kwantenar nan ya turo mini. Ga kalmar nan ɓaro-ɓaro a layi na biyu. Ashe mutanen ba su ɓoye komai ba, tun farko sun rubuta tsofaffi ne, mu ne ba mu iya karantawa ba. Na fita waje cikin sanyi na kira Baba na faɗa masa. Ya yi shiru, har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, "To, Allah Ya isa tsakaninmu da jahilci. Ka ci abinci kuwa?" Na ce, "Na ci, Baba." Ya ce, "Koma ka yi karatunka."

Har yanzu a mataki na ɗaya nake cikin shida, kuma in mai shago ya saki baki da sauri, sai dai in yi ta murmushi. Kuɗin da ke hannuna zai kai ni zango biyu nan gaba, bayan nan sai yadda Allah Ya yi. Ina roƙon ku sa ni a addu'a, musamman in kun haɗu a masallaci ranar Juma'a. Ku gaishe mini da mutanen Okokomaiko da Iyana Iba. A karo na gaba, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na fara zuwa tashar motocin gwanjo ta Incheon.