Silin da ke saman kanmu

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Yau ba maganar kuɗin makaranta na zo da ita ba, maganar silin ɗakunanmu ce.

Duk wanda ya zauna a tsohon ɗakin kwanan ɗalibai ko gidan haya na bayan makaranta ya san farin silin nan da ake kira asbesto. Ruwan Kudu kuwa ba ya wasa. Rufi ya yi yoyo, silin ya jiƙe ya yi ciki, wata rana ka dawo daga lacca ka tarar wani ɓangare ya faɗo kan katifa. Me muke yi? A kakkarya shi, a ɗauko tsintsiya a share, a kaɗe zanin gado, shi ke nan. Wani kuma ya huda shi da ƙusa don ya rataya gidan sauro. To wallahi a nan haɗarin yake.

Asbesto ma'adini ne mai siraran zaruruwa da ake haƙowa daga ƙasa. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga araha, shi ya sa aka daɗe ana cakuɗa shi da siminti a yi sili, rufi da bututun ruwa, ana kuma sa shi a birkin mota. Muddin allon yana nan lafiyayye ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an fasa, an huda ko an yanka, sai zaruruwan da ido ba ya gani su tashi a iska. Idan ka shaƙa, su maƙale a huhu, jiki kuma ba ya iya narkar da su.

Abin tsoron shi ne ba yau za ka ji a jikinka ba. Sai bayan shekara 20, 30, har 40 ciwon ke bayyana: huhu ya yi tabo numfashi ya gagara, ko kansar huhu, ko mesoteliyoma, wato kansar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda da wuya a warke. Mai shan sigari kuwa, haɗarin kansar huhunsa ninkuwa yake yi. Birtaniya ta haramta asbesto gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Mu kuma ga shi muna kwana a ƙarƙashinsa.

Ban ce kowa ya firgita ba fa. Ba duk silin da ake kira asbesto a kasuwa yau ke ɗauke da shi ba, sunan ne ya bi shi, kuma waɗanda suka fi kamuwa su ne masu shaƙar ƙurar shekara da shekaru. Sai dai ido ba ya bambancewa, don haka in ginin tsoho ne, ka ɗauka akwai. Kada ka huda, kada ka share a bushe. Ka yayyafa ruwa, ka kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ƙulle duka a leda biyu. Takunkumin yadi ba ya tare zaruruwan. Sannan ka kai ƙorafi a rubuce wajen mai gida ko sashen ayyuka, kuma kada ka zauna a ɗakin lokacin da ake cire shi.

Waɗanda suka fi damuna ma ba mu ba ne. 'Yan uwanmu ne masu leburanci da 'yan jari bola, waɗanda ake kira in za a rushe tsohon gini. Su ke fasa allunan da guduma, ƙura ta yi musu fari fat, su koma masauki da kayan a jikinsu. Babu mai gaya musu komai, kuma ba za su ga wannan rubutun ba. Mu da muke haɗuwa da su a masallacin Juma'a da wajen mai shayi, mu ne ya kamata mu yi musu bayani da Hausa.

Don Allah a tura wa sauran 'yan uwa. Allah Ya tsare mu, Ya mayar da mu gida lafiya.