Daga Bebeji Zuwa Dajin Falgore: Natsuwar Matafiyi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda fatauci ko aikin gwamnati ya taɓa kai shi Jos daga Kano ya san hanyar da ta ratsa ƙasar Bebeji, ta karkata a Kwanar Dangora cikin ƙasar Kiru, ta bi ta Tudun Wada, sannan ta faɗa dajin Falgore a ƙasar Doguwa.

Farkonta da daɗi. A ƙasar Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama a 1974. A garin Bebeji kuma aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja tun ana tafiya da jakuna. Tsoron hanya ba baƙo ba ne ga fataken wannan ƙasa.

Amma da an wuce Tudun Wada, gari ya ƙare, itatuwa suka rufe hagu da dama, sai ka ji hira ta mutu a cikin mota, domin dajin ya daɗe da yin suna wajen 'yan fashi. Mai kuɗi ya dafe aljihu, numfashi ya gajarce, harshe ya rikice har addu'ar tafiya ta kuɓuce wa wanda ya haddace ta tun yana yaro.

A nan ne ilmin magabata yake da amfani. Malaman sufaye sun ce kowane numfashi amana ne, kada ya shiga ko ya fita cikin gafala. Mabiya Ƙadiriyya a Kano, almajiran marigayi Shaihu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996, suna da zikirin da ake kira anfasu, wato jam'in numfashi da Larabci. Malamai sun yi saɓani kan yin sa cikin taro. Amma ambaton Allah a zuci babu mai jayayya a kansa, kuma aya ta 28 cikin Suratur Ra'adi ta tabbatar cewa da shi zukata suke natsuwa.

Ga yadda za ka yi. Ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, zuciyarka tana faɗin kalmar shahada. Ka maimaita sau bakwai ko goma. Likitoci sun tabbatar cewa tsawaita fitar numfashi yana rage bugun zuciya. Hankali ya komo, sai addu'a ta komo.

Sai dai ba a gyaran rijiya ranar da gobara ta tashi. Mutum yakan yi numfashi wajen sau 20,000 a yini da dare. Wanda bai saba hankalta da ko goma daga cikinsu ba a rumfar kasuwa ko a ofis, ba zai iya ba a Falgore. Makarantarsa kuwa salla ce, domin natsuwa a ruku'u da sujada tana cikin farillan da littafin Ahalari ya lissafa.

Wannan bai ɗauke maka yin sababi ba. Ka duba motarka, ka ratsa dajin da rana tsaka, sannan ka dogara ga Allah. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, amin.