Vasabladet: Jaridar Da Aka Kafa A Garin Da Gobara Ta Cinye

A gaɓar yammacin ƙasar Finlan akwai wani gari mai suna Vaasa, wanda mutanen wurin masu jin harshen Suwidin ke kira Vasa. Baƙo in ya sauka garin, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne sunayen tituna, domin kowane titi sunansa biyu, ɗaya da harshen Finlan, ɗaya da na Suwidin. Dalili kuwa shi ne Finlan ta yi ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin sarautar Suwidin kafin Rasha ta karɓe ta a 1809. Har wa yau wajen kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar harshen Suwidin suka tashi da shi, kuma da yawansu a wannan gaɓa suke.

Jaridarsu ita ce Vasabladet, wato "Takardar Vasa". An fara buga ta a 1856, saboda haka a cikin jaridun Finlan da ke raye babu wadda ta girme ta sai Åbo Underrättelser ta birnin Turku, wadda aka kafa a 1824.

To, amma a wane gari aka kafa ta? Ran 3 ga Agusta 1852 gobara ta tashi ta cinye kusan dukan Vaasa, garin da Sarki Karl na Tara ya kafa tun 1606. Hukuma ta yanke shawara a sāke gina shi wajen kilomita 7 daga tsohon wurin, dab da teku, sa'an nan aka sāke masa suna Nikolaistad don girmama Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya. Mutanen garin ba su yi na'am da sunan ba. Jaridar kuwa da tsohon sunan ta fito, ta riƙe shi har 1917, shekarar da ƙasar ta sami mulkin kai, garin ma ya koma Vaasa. Kangon tsohon cocin yana nan har yanzu a tsohon garin, ana zuwa kallo.

Masu karanta ta ba a birni kaɗai suke ba, don a can masu harshen Finlan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙarfinta yana ƙauyuka da tsibirai, irin su Korsholm da Malax, inda manomi ko masunci kan buɗe ta don ya ga wa ya rasu, me majalisar gunduma ta zartar, ko za a rufe makarantar ƙauyen. Jaridun Suwidin na tsallaken teku harshensu ɗaya da nata, amma ina ruwansu da makarantar Malax?

Zamanin intanet ya matsa wa jaridun yankin ƙwarai. Pohjalainen, takwararta mai harshen Finlan a garin, a 2020 aka haɗe ta da jaridar Ilkka ta garin Seinäjoki suka zama ɗaya. Vasabladet tana nan da sunanta, ana karanta ta a takarda da kuma a waya.