"Wai" a bakin gadar Yakité

Da la'asar na leƙa shagon atamfa na wani abokina kusa da gadar Yakité, na tarar ɗansa ya baje littafi a kan kanta yana fama da aikin gida na Ingilishi. Darasin na maimaita maganar wani ne. Idan Musa ya ce "I am coming tomorrow", mai kai labari sai ya ce "Musa said he was coming the next day". Yaron ya ɗago kai ya ce, "Kawu, mutum ya ce yana zuwa gobe, don me za a ja zuwan nasa baya? Goben kuma ina ta shiga?"

Ban ga laifinsa ba. Da Hausa, "ya ce yana zuwa gobe" ta wadatar: "ina" ta koma "yana", shi ke nan. Sango ma, da ta zama harshen hukuma a ƙasar nan tare da Faransanci tun 1991, ba ta taɓa jikin aikatau. "Lo tene", wato "ya ce", kawai za ka sa a gaba. Faransancin da yaran unguwar PK5 ke karatu da shi ne ya yi tarayya da Ingilishi a wannan ja da baya.

Sai dai mu abin da ya dame mu daban ne. Bature na kula da yaushe aka faɗa, Bahaushe kuwa wa zai ɗauki nauyin maganar. Shi ya sa muke da "wai". "Ya ce zai biya" labari ne. "Wai zai biya", to kada ka sake ba shi bashi. A wannan unguwa ta PK5 da ta sha rikicin 2013 da 2014, lokacin da jita-jita ɗaya kan sa a rufe kasuwa kafin azahar, kunnen mutane ya goge wajen rarrabe "wai an yi harbi" da "na gani da idona". Har yau dattijo in ka kawo masa labari, tambayarsa ta farko ita ce, "In ji wa?"

Yaron ya so in fassara masa "wai". Na ba shi "allegedly", ya gwada sau biyu, harshe ya sarƙe. Nan uban ya aike shi tsallaken titi, muka ji ya ɗaga murya: "Mai shayi, wai ka kawo biyu, in ji Baba!"