Ina Mazaunin "Gobe"?

Ina ɗan lakwal a Galmi, wata rana kawuna ya miƙo mini wata ƴar takarda da abokin cinikinsa ya aiko masa, ya ce in karanta. Layi ɗaya ne, babu aya babu waƙafi: "sayar da albasa gobe zan iso da mota". Na karanta, na ja numfashi bayan "gobe". Kawu ya jira wayewar gari. Kafin asuba sabuwar albasa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi. Ashe mutumin nufinsa a sayar nan take, shi ne zai iso gobe. Kawu bai tsawata mini ba, amma shirunsa ya fi mini duka zafi.

Bayan shekaru da dama na tarar cewa malaman Yahudawa sun daɗe da gamuwa da wannan "gobe". A Attaura ta Ibrananci, littafin Fitowa sura 17 aya 9, Annabi Musa ya umurci Yusha'u ya zaɓi mazaje ya fita yaƙi da Amalekawa, kana ya ce shi zai tsaya bisa tudu da sanda a hannu. Tsakanin zantukan nan biyu kalmar "mahar" ta zauna, wato gobe. In ta bi na farko, gobe za a fita yaƙin. In ta bi na biyu, yanzu za a fita, hawan tudun ne sai gobe, ke nan mayaƙa za su kwana a filin daga kafin jagoransu ya tsaya musu.

Tsohon rubutun Ibrananci baƙaƙe ne zalla, ba wasali, ba alamar tsayawa. Waɗanda suka fassara Attaura zuwa Girkanci a Iskandariya, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, sun jingina kalmar ga yaƙin. Malaman Tabariya kuwa, waɗanda aikinsu na sa wasula da alamomin karatu ya kammala wajen ƙarni na 10, sun sa babbar tsayawa kafin kalmar, suka ba da ita ga tudun. Shi kuma Talmud, a sashen Yoma, ya lissafa wurare 5 a Attaura inda kalma ta tsaya tsakani ba a yanke mata hukunci ba, wannan na cikinsu.

Wannan lissafi shi ya fi kama zuciyata. Mutanen da suka haddace littafin tun suna yara ba su ji kunyar rubuta cewa nan akwai harshen damo ba. Ni kuwa da ƴar bokona na yanke hukunci da numfashi ɗaya, ban ma san na yanke ba.

Ya kai mai karatu, ko a biro kake ko a kanti, in takarda ta zo maka da fuska biyu, ka faɗa wa mai ita cewa biyu ne. Da na yi wa kawu haka, da ya aika an tambayo kafin rana ta faɗi.