Asibiti da Baƙo

Akwai wani tsohon malami, haifaffen Wusasa ta Zariya, wanda ya yi shekaru yana koyar da Turanci, daga baya ya bi ɗansa zuwa Lamaji, can arewacin birnin Injamena. Mutum ne mai son tonon asalin kalmomi, har 'ya'yansa sukan gaji da shi.

Wata rana da tsakar dare zazzaɓi ya rufe jikarsa, uban kuwa ya yi tafiya. Tsohon ya saɓa yarinyar ya fita titi yana cewa, "Asibiti! Asibiti!" Masu babur suka yi ta kallonsa. Ya juya zuwa Turancin Ingila, nan ma shiru. Sai wani maƙwabci, wanda ko gaisuwa ba ta cika haɗa su ba, ya leƙo, ya dubi yarinyar, ya ce, "Labtan!" Nan da nan ya ta da motarsa.

Sa'ad da aka sa wa yarinyar ruwa, numfashinta ya daidaita, malamin ya zauna a benci, halinsa na dā ya motsa. Ashe "labtan" na Larabcin Cadi "l'hôpital" ne na Faransanci, harshe ya lanƙwasa shi, kamar yadda Bahaushe ya lanƙwasa "hospital" ya zama asibiti. Uwa ɗaya ta haife su, wato kalmar Latin "hospes". Ma'anarta baƙo, ita ce kuma mai masauki. Kalma guda ta ɗauki mutum biyu. Gama a Turai ta dā, gidan da masu ibada suke saukar da matafiya da gajiyayyu shi ne aka fara kira da wannan suna, aikin magani ya biyo baya. Otal ma daga nan ya fito, ko da yake shi sai da kuɗi. Har yanzu tsohon asibitin Faris sunansa Hôtel-Dieu, masaukin Allah.

Sau nawa ya rubuta wannan a allo, yara suna hamma? Bai taɓa zama baƙon da ke cikin kalmar ba sai daren nan.

Da gari ya waye maƙwabcin ya komo da shayi da burodi. Malamin ya tattara ɗan Larabcinsa, yana nuni da hannu, yana so ya bayyana masa asalin "labtan". Mutumin ya saurara da haƙuri, bai gane ko ɗaya ba. Ya yi dariya, ya miƙa masa kofi, sa'an nan ya tambaya ko yarinyar ta farka.